Dalilin da ya sa ban yi wa darbejiyar nan ƙwal-kwabo ba

Ɗana, jiya muna dawowa daga aiki ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi sare kan darbejiyar nan gaba ɗaya, alhali mai gidan da bakinsa ya ce a yi mata ƙwal-kwabo don yana tsoron iskar farkon damina. Na kuma lura kana mamakin yadda nake yanka reshe ɗaya har sau uku da zarto, alhali ga adda a hannunka. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne.

Itace ba ya warkewa yadda jikin mutum yake warkewa. Idan ka yanke a hannu, nama yakan ciko ya maye gurbin wanda ya tafi, amma bishiya ba ta mayar da abin da aka cire mata, sai dai ta toshe wa ruɓa hanya daga ciki, sannan ta riƙa jawo sabon ɓawo daga gefen ciwon, shekara bayan shekara, har ya rufe. Inda take da wannan ƙarfi shi ne ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, wurin da ya haɗu da uwar, wanda na sa ka shafa da yatsa ka ce ya yi kama da wuyan riga. Dab da wannan wuya ake yanka, daga wajensa. Idan ka shafe shi daidai da jikin bishiyar don wurin ya yi kyan gani, ka faɗaɗa ciwon, ka kuma cire mata abin da za ta rufe shi da shi. Idan kuwa ka bar dungu mai tsawo, zai bushe, ya sha ruwan damina, ya ruɓe, gara ta samu ƙofa, har ɓarnar ta gangara cikin uwar.

Yanka uku kuwa saboda nauyin reshe ne. Na farko daga ƙasa ake yin sa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, zarto ya shiga kashi ɗaya bisa uku na kaurin reshen. Na biyu daga sama, a ɗan gaba da na farkon kamar faɗin yatsu uku, a nan reshen zai karye ya faɗi. Na ukun shi ne na cire dungun da ya rage, a bakin wuyan, lokacin da babu sauran nauyin da zai ja shi. Ina yaron maigidana na taɓa ƙetare yankan farko a kan wani mangwaro don ina sauri. Reshen bai kai ga yankewa ba ya rinjaya, ya saɓule ɓawon uwar har tsawon hannuna, farin itacen ya fito fili yana naso. Maigidana bai zage ni ba, sai da aka shekara biyu ya kai ni wurin, ya sa na tura hannu cikin kogon da ya buɗe a jikinta.

Mai gidan jiya yana da gaskiya da ya ji tsoron iska, domin rassa biyu sun hau kan kwanon ɗakinsa, sai dai maganin da ya zaɓa shi ne zai jawo masa abin da yake gudu. Darbejiyar da aka guntule wa kai ba ta mutuwa nan take, takan yi ta fitar da tofo barkatai a bakin yankan, dogaye masu saurin girma, har mai ita ya ɗauka ta ƙara lafiya. Amma wannan tofo daga ƙarƙashin ɓawo kawai yake fitowa, bai kama zuciyar itacen ba kamar reshen asali, ga shi kuma yana zaune a kan babban ciwon da ba zai rufe ba. Bayan shekara biyu ko uku, idan ya yi kauri ya yi nauyi, shi ne farkon abin da iska za ta fizge ta jefa kan rufi. Ga kuma asarar inuwa a tsakiyar bazara, lokacin da mutanen gida suka fi bukatarta. Shi ya sa muka cire busassun rassa, da masu gogar juna, sannan muka rage waɗanda suka hau kwano, kowanne muka mayar da shi zuwa wani reshen gefe wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya bisa uku na wanda aka cire, domin ya karɓi ragamar girma. Duka abin da muka sauke bai wuce rubu'in ganyenta ba, kuma kada ka wuce haka a shekara guda, tunda da ganyen take ci.

Darbejiya mai haƙuri ce, da rani ma ana taɓa ta. Mangwaro ba haka yake ba, domin da hunturu yake fure, kuma a bakin rassa yake yin sa, wanda ya datse shi a watan Disamba ya sare 'ya'yan shekarar da hannunsa. Ana jira a gama tsinke 'ya'ya, sannan a rage shi. Lemun aure kuwa ka riƙa duba gindinsa, duk tofon da ya fito a ƙasa da mahaɗar auren ka cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai rinjayi na saman. Zogale ne na yarda ka guntule daidai ƙugu, don ganye ake nema a wurinsa, kuma hakan ke sa ya yi rassa inda hannu zai kai. Idan ka ga kauci, tsinke shi kawai ba ya magani, saboda ya riga ya kutsa cikin itacen, sai an cire reshen daga ƙasa da inda ya kama.

Za ka haɗu da masu gida da za su miƙo maka baƙin mai ko fenti su ce ka shafa a wurin yankan. Ka ba su haƙuri cikin ladabi, domin yankan da aka yi daidai iska kawai yake bukata ya bushe, baƙin mai kuwa yana ƙona ɓawon da zai rufe ciwon. Abin da ya cancanci shafawa shi ne bakin zarto, ka goge shi da sipirit idan ka taso daga bishiya mai ciwo. Reshen da ya kusanci wayar wuta kuma ba namu ba ne, ko nawa aka ce za a biya, sai ma'aikatan lantarki sun kashe layin.

Ranar Asabar akwai gwaiba biyu da za mu rage. Ita a sabon tofo take 'ya'ya, don haka tana ɗaukar kuskure fiye da mangwaro, kuma kai zan ba zarto. Ka zo da igiya da ƙaramin tsani, kuma kafin ka yanka kowane reshe ka nuna mini wuyansa.