Amsar tambayar Yaya Alhaji kan Brexit da batun baƙi a Birtaniya

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa na wannan zaure, barkanmu da war haka. Yaya Alhaji, na saurari muryarka ta jiya, inda kake tambaya ko ƙin jinin baƙi ne ya sa mutanen Birtaniya suka fice daga Tarayyar Turai, kuma in haka ne, ya aka yi baƙin suka ƙaru bayan ficewar maimakon su ragu. A yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don maganar tana da rassa.

A taƙaice, Yaya, batun baƙi yana ciki ƙwarai, wanda ya ce babu shi bai faɗi gaskiya ba. Sai dai abin da ya fi ci wa mutanen rai shi ne ganin cewa gwamnatin da suka zaɓa ba ta da ta cewa kan wa zai shigo da wanda ba zai shigo ba. Yawan baƙi daban, ikon tsare ƙofa daban. In mutum ya raba waɗannan biyun, sauran labarin zai zo masa da sauƙi.

Mu koma tushe. Birtaniya ta shiga ƙungiyar a 1973. A dokar Tarayyar Turai akwai abubuwa huɗu da ba a tare musu hanya tsakanin ƙasashen ƙungiyar: kaya, kuɗi, hidimomi, da mutane. Ɗan kowace ƙasa a cikinsu yana da damar ya tafi wata ya zauna ya yi aiki ba tare da biza ba. Shekara talatin wannan bai dami kowa ba sosai, saboda albashin Faransa da Jamus da Birtaniya ba su da wata tazara mai yawa. Sai 2004 aka shigar da ƙasashe goma, takwas daga ciki na gabashin Turai ne, irin su Poland da Lithuania, inda albashi yake ƙasa ƙwarai. Doka ta ba tsofaffin mambobi damar su jinkirta buɗe wa sababbin kasuwar aikinsu har shekara bakwai. Jamus da Austria suka yi amfani da damar har 2011. Birtaniya da Ireland da Sweden kuwa suka buɗe nan take, lokacin mulkin Tony Blair. Ƙiyasin da gwamnati ta dogara da shi ya ce mutum 5,000 zuwa 13,000 ne za su riƙa ƙaruwa a shekara, amma an yi shi ne bisa zaton Jamus ma za ta buɗe. Da Jamus ta rufe, sai ruwan ya gangaro Birtaniya. Haifaffun Poland da ke ƙasar ba su kai 100,000 ba a 2001, amma kafin 2016 sun haura 800,000.

A nan aka fara rasa amanar jama'a. An faɗa musu abu kaɗan, suka ga mai yawa. Sai David Cameron ya zama Firaminista a 2010 ya ƙara wani kuskuren: ya yi alkawarin mayar da rarar baƙi ƙasa da 100,000 a shekara. Bari in bayyana rarar baƙi, don a nan ake yawan ruɗewa. Ana ƙirga duk wanda ya shigo da niyyar zaman shekara ɗaya ko fiye, har da ɗalibai, sannan a cire waɗanda suka bar ƙasar, abin da ya saura shi ne rarar. To, Cameron bai da iko kan 'yan Turai masu shigowa, bai da iko kan 'yan ƙasarsa masu fita, ya kuma ɗaure kansa da adadi. Saura wata ɗaya a yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewa, a watan Mayun 2016, hukumar ƙididdiga ta fitar da alƙaluman 2015: 333,000. Masu son ficewa ba su buƙaci wata hujja bayan wannan ba. Abin lura kuma, wajen rabin wannan adadin daga wajen Turai suka zo, wato mutanen da gwamnati ke da cikakken ikon hana su biza tun a lokacin. Wannan gaskiyar ba ta samu mai saurare ba a zafin yaƙin neman ƙuri'a.

Ga kuma rikicin 'yan gudun hijira na 2015, lokacin da sama da mutum miliyan ɗaya suka shiga Turai, galibi daga Siriya da Afghanistan da Iraƙi. Birtaniya ba ta cikin tsarin Schengen na buɗaɗɗun iyakoki, tana duba fasfo a ƙofarta, amma hotunan talabijin sun cakuɗa komai a zukatan mutane: ma'aikacin gini ɗan Poland da mai gudun yaƙi ɗan Siriya duk suka zama abu ɗaya. Nigel Farage, ɗan siyasa mai fafutukar ficewa, ya fitar da babban allo mai hoton jerin gwanon 'yan gudun hijira, alhali a kan iyakar Croatia da Slovenia aka ɗauki hoton. Ɓangaren su Boris Johnson, wanda daga baya ya zama Firaminista, kuma suka yi ta yaɗa cewa Turkiyya mai mutum miliyan 76 na dab da shiga ƙungiyar, abin da har yau bai faru ba. Ni a ganina wannan tsoratarwa ce da ba ta dace ba, kuma ta bar tabo.

Ranar 23 ga Yuni 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardamar. Kashi 51.9 cikin ɗari suka ce a fita, 48.1 suka ce a zauna, wato mutum miliyan 17.4 da miliyan 16.1. Ingila da Wales suka zaɓi fita, Scotland da Ireland ta Arewa suka zaɓi zama. Wani babban jin ra'ayi da Lord Ashcroft ya yi wa mutum sama da 12,000 a ranar ya nuna kashi 49 na masu son fita sun ce babban dalilinsu shi ne a riƙa yanke hukuncin Birtaniya a Birtaniya, kashi 33 kuma suka ce iko kan shige da fice da iyakoki. Kar a ɗauki waɗannan biyun a matsayin kishiyoyi. Ga da yawa daga cikinsu, batun baƙi shi ne misalin da suke gani da ido na rashin ikon da suke kuka da shi.

Yanzu ga inda nake so a nutsu. Da a ce zama kusa da baƙi ne ke haifar da ƙinsu, da Landan ce za ta fi kowa son fita, don ta fi ko'ina baƙi. Amma wajen kashi 60 na Landan zama suka zaɓa, unguwar Lambeth ma ta haura kashi 78. Garin da ya fi ko'ina son fita shi ne Boston a yankin Lincolnshire, sama da kashi 75. Ƙaramin gari ne na manoman kayan lambu da masana'antun shirya abinci. A 2001 kusan babu ɗan gabashin Turai a can, a ƙidayar 2011 sun kai mutum ɗaya cikin goma. Saurin canjin ne ya girgiza mutane. A ƙara da cewa daga 2010 gwamnati na tsuke bakin aljihu, tana rage kuɗin ƙananan hukumomi. Mutum ya je ganin likita ya tarar da layi, ya nemi wa ɗansa gurbi a makaranta ya rasa, hayar gida ta tashi, sai ya juya ya ga baƙuwar fuska. Harajin da baƙon ke biya yana tafiya baitulmali a Landan, matsin kuwa a garin ake jin sa. Sannan shekaru da karatu sun raba mutane sosai: matasa 'yan ƙasa da 25 wajen kashi 70 zama suka so, dattawa 'yan sama da 65 wajen kashi 60 fita, masu digiri kuma mafi yawansu zama.

Kuma mutane ba su san adadin ba. Kamfanin Ipsos ya tambaye su kafin ƙuri'ar, suka ce haifaffun sauran ƙasashen Tarayyar sun kai kashi 15 na al'ummar ƙasar, alhali wajen kashi 5 ne.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, Yaya. An fita a hukumance ranar 31 ga Janairu 2020, zirga-zirga ba biza ta ƙare a ƙarshen shekarar, sabon tsarin ba da maki ya fara a Janairun 2021. A tsarin, ɗan Faransa da ɗan Indiya duk ɗaya ne: sai kana da kamfanin da ya ɗauki nauyinka, da Turanci, da albashin da ya kai ƙa'ida. Gwamnatin Johnson ta san 'yan Turai za su ragu, sai ta sassauta wa sauran duniya. Ta sauke mafi ƙarancin albashi daga fam 30,000 zuwa 25,600, ta sauke matakin ƙwarewar da ake nema zuwa ƙasa da digiri, ta cire iyakar adadin bizar ma'aikata. A 2021 ta dawo da bizar da ke ba ɗalibi shekara biyu ya yi aiki bayan ya gama karatu. A Fabrairun 2022 ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, tare da iyalansu. Ga kuma 'yan Ukraine da 'yan Hong Kong da aka ba hanya ta musamman. Sakamakon shi ne rarar baƙi ta haura 900,000 a 2023, kusan ninki uku na adadin da ya tayar da hankali a 2016. 'Yan Turai sun koma masu fita fiye da shiga, Indiya da Najeriya suka shiga sahun gaba. A 2022 kaɗai, wajen 60,000 ne 'yan Najeriya da aka ba biza a matsayin iyalan ɗalibai, fiye da kowace ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ficewa daga ƙungiya tana canza dokar ƙofa, amma ba ta rage tsofaffin da ke buƙatar mai kula da su, ba ta samar da ma'aikatan jinya, ba ta cike giɓin jami'o'in da suka dogara da kuɗin makarantar ɗaliban waje. An ga haka ƙarara a Satumbar 2021, lokacin da ƙarancin direbobin manyan motoci ya sa gidajen mai suka ƙafe, har gwamnati ta ba da bizar wucin gadi 5,000 ga direbobi.

Abin mamakin da mutane ba su cika sani ba: bayan ƙuri'ar, damuwa kan baƙi ta sauka sosai. A jin ra'ayin Ipsos na wata-wata, kashi 56 ne suka ambaci shige da fice cikin manyan matsalolin ƙasa a Satumbar 2015, amma a 2020 abin ya faɗo ƙasa da kashi 10. Mutane sun ji an ba su amsa, sun ji ƙofar ta dawo hannunsu. Abin da ya sake hura wutar shi ne ƙananan kwalekwale masu tsallako mashigin ruwa daga Faransa: kimanin mutum 300 a 2018, sama da 45,000 a 2022. In aka kwatanta da masu shiga da biza, kason kwalekwale ƙarami ne ƙwarai. Amma shi ne ake gani a talabijin, shi ne kuma yake nuna rashin iko. Ficewar ta ma cire Birtaniya daga yarjejeniyar Dublin, wadda ke ba da damar mayar da mai neman mafaka ƙasar Turai da ya fara sauka. Aka ɓullo da shirin kai su Rwanda a 2022, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a Nuwambar 2023, Keir Starmer, da ya zama Firaminista, ya soke shi a Yulin 2024. A zaɓen 2024 jam'iyyar Farage ta Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4.

Don haka duk wanda zai turo mana alƙaluman jin ra'ayi a wannan zaure, don Allah ya duba yadda aka yi tambayar. In aka ce wa ɗan Birtaniya, kana so a rage baƙi? Da yawa za su ce e. In aka bi sana'a-sana'a, likitoci, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, masu girbin gona, sai ka ga mafi yawa ba sa so a rage ko ɗaya daga ciki. A duba kuma shekarar da aka yi, da ko masu biza ake nufi ko masu neman mafaka. Haka nan jin ra'ayin kamfanin YouGov tun 2022 yana nuna sama da rabin mutane na ganin kuskure ne ficewar, amma wannan ba ya nufin sun sauko kan batun baƙi. Wasu da-na-saninsu na tattalin arziki ne, wasu kuma haushinsu shi ne an fita amma ba a rage ba.

Ga masu 'ya'ya ko ƙanne da ke shirin tafiya, ku sani ƙofar ta sake tsukewa. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike. Daga Maris na shekarar masu aikin kula da tsofaffi ma aka hana su kai iyali, a Afrilu mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa fam 38,700, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko masu aikin kulawa daga waje gaba ɗaya. Wanda duk ya ce zai sayar maka da takardar ɗaukar nauyi ta wannan aikin yanzu, kar ka ba shi ko sisi. A shiga shafin gwamnatin Birtaniya a karanta ƙa'idar ranar kafin a biya kowa, don dokokin nan suna canzawa cikin 'yan watanni.

Yaya, Allah Ya ƙara girma. Wassalamu alaikum.