Hajiya, domen ɗin nan da sunan wa aka yi rajistarsa?

Wata 'yar kasuwa ta turo tambaya: "Malam, yaron da ya haɗa min shafin intanet ya ce wai in sake biyan kuɗin domen alhali na biya bara, anya ba cuta ta yake ba? Kuma ina son imel mai sunan kasuwancina maimakon Gmail."

Hajiya, a nan kam bai cuce ki ba. Domen shi ne sunan nan da ake rubutawa a shiga shafinki, wanda ke ƙarewa da .com ko makamancinsa, kuma ba a sayensa gaba ɗaya, haya ake yi, daga shekara 1 har zuwa 10 a lokaci guda, a wajen kamfanonin rajista irin su Namecheap ko GoDaddy, su kuma hukumar ICANN da aka kafa a 1998 ce ke ba su izini. Hostin, wato inda ake ajiye hotuna da rubutun shafin, shi daban ne, kuɗinsa ma daban.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Ki tambaye shi, da sunan wa da imel ɗin wa aka yi rajistar? Da yawa masu haɗa shafi a asusunsu suke sakawa don sauƙi, ba lallai da mugun nufi ba, amma ranar da kuka saɓa ko ya yi tafiya ko wayarsa ta daina shiga, to fa sunan da kika buga a kati da kwalaye yana hannunsa, ke ba ki da ta cewa. Ki buɗe asusunki da kanki a kamfanin rajistar ya mayar miki da domen ɗin can, kalmar sirri ta zauna a wajenki, shi ki ba shi damar yin aikinsa kawai.

Imel kuma da wannan domen ɗin za a yi, ba sai kin sayi wani ba, a haɗa shi da Google Workspace ko Zoho Mail shikenan. Sai dai ki sani, in domen ya mutu imel ma ya tsaya, saƙon kwastoma ba zai iso ba. Akwai ɗan wa'adi da ake bayarwa, in an yi nisa fansarsa ta fi tsada, daga nan a sake shi kowa ma ya ɗauka. Ki kunna sabuntawa ta kai tsaye, kuma ki duba katin bankin da ke jikin asusun bai ƙare ba.