Tambayoyin Masu Karatu: Ina So In Sa Tarihin Kakata A Waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakata ta wajen uwa ta haura tamanin. Da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Yanzu mantuwa ta fara kama ta. Ina ɗan taɓa rubuta waƙa, kuma ina so in yi mata ta rayuwarta, amma duk abin da na rubuta sai ya fito kamar waƙar biki. Ta ina zan kama?

Wata jika, daga Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ko ban ga takardarki ba na san abin da ke ciki: mai haƙuri, mai zumunci, uwa ma ba da mama. Duk gaskiya ne. Amma ki cire sunanta ki sa na tsohuwar maƙwabta, waƙar ba za ta yi gezau ba. Yabo kike yi, labarin kuwa yana bakinta.

Ajiye biro tukuna. Ki je ki zauna da ita da hantsi, lokacin da kanta ya fi washewa, ki kunna naɗar murya a waya, da saninta. Kada ki ce mata "a wace shekara?", tsofaffinmu ba da lamba suke lissafi ba. Tambaye ta ina take ranar da aka kashe Sardauna a 1966. Goyon wa take yi da aka daina fam da sule aka koma naira a 1973? Mai sana'ar gyaɗa kuwa da wuya ta manta farin da aka yi na rashin ruwan sama a wannan shekarar, da cutar da ta cinye gyaɗa a gonaki a 1975, lokacin da dalar gyaɗa ta Kano ta kama hanyar zama labari. Nan za ki daɗe. Nawa mudu ya kai? Wa ya ranta mata jari? Cikin 'ya'yan wa ke ɗaukar talla, wa ke cinye ciniki a hanya? Yaushe ta bar dutsen niƙa ta fara aikawa inji? Kowace amsa baiti ce.

Kina da abin da mahaifiyarki ba ta da shi, wato wasan jika da kaka. Ke kishiyarta ce, ki tsokane ta. Abin da za ta ji nauyin gaya wa 'yarta, ke za ta gaya miki tana dariya. Sai dai ki kiyaye alkunyarta: in ba ta kama sunan ɗan farinta ko na maigidan, ki bar laƙabin da take kiran su da shi a waƙar.

Amshi kuma kada ki wahalar da kanki. Matan zamaninta da waƙa suke niƙa, da ita suke daka da daɓe. Ki lallaɓa ta ta rera miki wadda take yi, habaicin ciki da komai, ki ɗauki layi guda ya zama amshinki. Baitocin ki yi su ƙwar biyu, wato layi bibbiyu, da amsa-amo mai sauƙi, wato ƙarshen layukan ya riƙa dacewa, yadda ƙannenki za su haddace. Haka Nana Asma'u ta yi a ƙarni na 19: ta zuba ilimi da tarihi a waƙa, ɗalibanta mata da ake kira 'yan taru suka riƙe da ka suka kai ƙauyuka. Ni dai ba na ba ki shawarar situdiyo yanzu. Za su lulluɓe miki ita da fiyano har a rasa me ake faɗa.

Akwai abin da za ta faɗa wanda ba na waƙa ba ne: yaji, saki, rikicin kishiya ko na gado. Waɗanda abin ya shafa suna da 'ya'ya a raye. Kada ki sa sai ta yarda, kada kuma ki ɗora a TikTok kafin kawunnanki su ji.

Da kin haɗa baiti biyar ko shida, ki kai mata ki rera. Za ta katse ki ta ce ba haka aka yi ba, ba a Kurmi take sayo gyaɗa ba, daga ƙauye ake kawo mata a jaki. Ki gyara a gabanta. Muryar da kika naɗa kuma ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku tun yau, waya ba ta da tabbas.