Amsa kan tsofaffin fina-finan Amurka masu nuna kayan lantarki na gida

Ɗan'uwa ka tambaya ko tsofaffin fina-finan nan da ake nuna iyalin Amurkawa suna ta murnar firiji da injin wanki haka rayuwarsu take da gaske ko shiri ne kawai. To ni dai na jima ina bibiyarsu, har ɗalibaina nakan nuna wa wasu, kuma shawarata ita ce kafin komai ka duba waye ya biya kuɗin fim ɗin.

Ɗauki The Middleton Family na 1939, kamfanin Westinghouse ne ya ɗau nauyinsa. Wasu iyali ne daga jihar Indiana suka je baje kolin duniya a New York, a can aka yi gasar wanke-wanke, mace ɗaya na ta fama da hannu duk ta jiƙe ta galabaita, ɗayar kuwa ta jera kwanukanta a inji ta koma gefe abinta tsaf-tsaf. To wa ke sayar da injin? Su ɗin dai. Talla ce aka sa mata rigar ilimi, iyalin ma duk ƴan wasa ne, kuma da wuya ka ga baƙar fata a matsayin mai gida a irin waɗannan fina-finan, wannan abin yana damuna gaskiya.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ka nemi Power and the Land na 1940, shi gwamnati ce ta sa aka yi saboda hukumar kai wuta karkara da aka kafa a 1935, lokacin gidan gona kusan ɗaya cikin goma ne kacal ke da lantarki a Amurka. Manoman gaske ne a Ohio, za ka ga uwar gida tana ɗebo ruwa a bokiti tana zuba kananzir a fitila, ana tatsar shanu da hannu tun da asuba, wallahi ranar da na nuna wa yara shi sai da wata ta ce malam ashe su ma sun sha wannan wahalar? Shi ma ɗin akwai manufa a ciki, so ake manoma su haɗa ƙungiya su jawo wuta, kamar dai majigin da iyayenmu suka kalla a ƙofar fada zamanin Turawa, amma wahalar da ya nuna ba ƙirƙira ba ce.

In kana so ka gani da idonka shiga shafin intanet na Internet Archive, ka duba tarin tsofaffin fina-finai na Prelinger, kyauta ne, sai dai ka tanadi data.