Kafin ka kai injin famfon nan wurin mai naɗin waya

Ka ce famfon tafkin ninƙaya na gidan Alhajin nan na Malali yana gurnani amma ba ya juyawa, direban gidan kuma ya yanke hukunci wai kwayil, wato naɗin wayar cikin injin, ne ya ƙone, kana tambaya ko ka kwance injin ka ɗora a keke zuwa wurin mai naɗin waya. A'a, ɗana, ajiye sifanar tukuna. Direba ya san mota, wannan aikinmu ne.

Injin da ke gurnani wuta na shiga cikinsa, ko dai ya rasa abin da zai tayar da shi, ko wani abu ya riƙe shi. Kashe wutar daga babban makunni, ka tabbatar da tasta, don ƙasan ɗakin famfo ba ta rabuwa da laima. Cire murfin fankar baya ka juya sandar injin da hannu. In ta juya sumul, kafasita za ka fara zargi, 'yar gwangwanin nan mai riƙe wuta da ke taimaka wa injin ya tashi. Haɗa ƙafafunta biyu da sukundireba mai hannun roba ta sauke wutar da ta riƙe kafin ka taɓa ta, sannan ka duba ko ta kumbura ko tana tsatsar mai. A injin doki ɗaya yawanci za ka ga an rubuta maikrofarad 20 ko 25, bolt 450. Abin da ke jikinta shi za ka sayo. Masu sa mai 40 wai don injin ya ƙara ƙarfi, su ke samar wa mai naɗin waya kasuwa. Ka kuma kai hancinka jikin injin. Ƙaurin wayar da ta ƙone ba ya ɓuya.

In kuwa sandar ta cije, ko tana juyawa da ƙarar gurzo, boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsa. To a nan nake so ka nutsu, don yawancin yara a nan suke tsayawa: su canza boris, su karɓi kuɗi, kafin wata biyu a sake kiransu da faɗa. Boris ba ya mutuwa haka kawai. Durƙusa ka haska fitilar wayarka ƙarƙashin famfon, daidai inda injin ya haɗu da tukunyar ruwa. In ka ga farin ɓawon kulorin ya bushe a wurin, ga jan layin tsatsa ya bi siminti, ka gano ɓarawon: sil, abin da ke hana ruwa bin sandar injin, ne ke ɗiga, ruwan na bin sanda yana shiga boris na gaba yana wanke masa giris.

Sil ɗin nan zobba biyu ne, ɗaya farin tangaran, ɗaya baƙin gawayi, sifirin na matse su fuska da fuska. A wutarmu injin na juyawa wajen sau 2,850 a minti ɗaya, kuma babu abin da ke sanyaya fuskokin nan biyu sai ruwan da famfon ke ja. Ya yi 'yan mintoci yana juyawa a bushe, shi ke nan, sun ƙone. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, me ya hana famfon ruwa?

A Kaduna amsar ba ta da nisa. Iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna shanye ruwan tafki, ya sauka ƙasa da bakin da ke zuƙa a jikin bango, famfo ya koma shan iska. Ya kamata ruwan ya tsaya a tsakiyar bakin nan. Ganyen darbejiya da na mangwaro kuma su cika kwandon da ke cikin tukunyar famfo, ba mai buɗewa. Ko kuma zoben robar murfin ya tsattsage. Mai gadi dai an ce masa ya kunna in an kawo wuta, ya kunna ya koma benci, ba laifinsa ba ne. Bayan gyara ka leƙa ta murfin nan mai haske: in kumfa na yawo a ciki, ko tana fitowa ta ramukan da ke mayar da ruwa tafki, akwai inda iska ke shiga a ɓangaren zuƙa, kuma sabon sil ɗinka ma hanyar tsohon zai bi.

Wajen kwancewa, riƙe sandar ta baya ka warware farfelar da ke tura ruwa, ka zaƙulo tsakuwa da ƙwayar darbejiya da suka maƙale a ramukanta da guntuwar waya. Ɗauki tsohon sil da boris a leda ka tafi da su kasuwa, ko Panteka ko shagunan kayan famfo na cikin gari, a gwada a gabanka. Lambar boris na jikinsa, irin su 6202 ko 6203. Canza duka biyun, gaba da baya, kuma da fula, ƙarfen nan mai ƙugiyoyi na zaro boris, ake cire su, ba da guduma ba. Kada yatsanka mai maiƙo ya taɓa fuskar sabon sil. Zoben murfi kuwa man silikon ake shafa masa. Basilin da giris ɗin mota kumbura roba suke yi.

Ka cika tukunyar da bokiti kafin ka kunna, bawul duka a buɗe. In bai kama ruwa cikin minti biyu zuwa uku ba, kashe. In ya kama, dubi agogon auna matsin ruwa da ke kan tulun yashin da ke tace ruwan: allura a ƙasa, toshewar na ɓangaren zuƙa, kafin ruwa ya iso famfo, ta haura fiye da yadda ta saba, yashin ya sha ƙura, sai a wanke shi da ruwan baya, wato a juya ruwan ya bi ta cikinsa da baya ya fitar da dattin. Kada ka taɓa juya hannun bawul ɗin tulun famfo na aiki.

Sai wuta. Injin na bolt 230 ne. Auna da yamma yana cikin aiki. In ta faɗi ƙasa da 200, injin zai yi zafi ya kashe kansa, ya huce ya sake tashi, har ranar da ba zai tashi ba. Duba farantin jikinsa ma, don wasu masu gida daga Amurka suke zuwa da famfonsu, wasunsu na bolt 115 ne, ba na wutarmu ba. Ka tabbata da wayar atin mai kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, da makunnin nan mai katse wuta in ta zurara, na miliyam 30. Ruwan nan 'ya'yan mutane ne ke shiga cikinsa, a kan wannan ba na sassauci ko da maigidan ya yi tsaki.

In mita ta nuna kwayil ya haɗu da jikin injin ko ya yanke, to sai naɗi, amma ka fara duba sandar: in tsatsa ta cinye mazaunin sil, gaya wa Alhaji gaskiya ya sayi sabo, kada ya yi asarar kuɗin naɗi.

Gobe ka yi sammako da mita da kafasita ɗaya a jaka. Ka roƙi Hajiya ta sa a fitar da robobin kulorin da asid daga ɗakin famfon, tururinsu ne ke cin ƙarfe. Abin da ka gani a ƙarƙashin famfon, ka kira ni kafin ka faɗa wa kowa kuɗi.