NGOs ko NGO's? Da sauran tambayoyinku

Wani malamin sakandare daga Gusau ya rubuto cewa: "Malam, ɗalibaina suna rubuta NGO's da ATM's idan suna nufin jam'i, ni kuwa NGOs na sani. Wanne ne daidai?"

Naka ne daidai, malam, ka ci gaba da jan jar biro. A Turanci wannan ɗan waƙafin sama aiki biyu aka san shi da shi: ya nuna mallaka, ko ya tsaya a gurbin harafin da aka ɗebe, kamar a don't. Jam'i ba hurumin sa ba ne. NGOs ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da yawa. The NGO's car motar ƙungiya guda ce. Idan ƙungiyoyin na da yawa kuma motocin nasu ne, sai waƙafin ya koma bayan s, a rubuta the NGOs' cars. Haka shekaru ma: 1990s, babu komai tsakanin sifili da s.

Togaciya ɗaya ce ta kirki, wato jam'in ƙaramin harafi shi kaɗai. Ana rubuta i's da a's, domin in an cire waƙafin sai su rikiɗe su zama is da as, mai karatu ya ɓata.

Amma kada ka tsananta wa yaran, ba su suka ƙirƙiro ba. Jaridar New York Times ta daɗe tana rubuta irin su CD's kafin ta bari. A Ingila ma har suna aka laƙaba wa wannan kuskure, ana danganta shi da masu sayar da kayan lambu, saboda allunansu masu cewa apple's alhali tulin tuffa suke nufi. Mu ma muna da namu. Kwanan baya na tsaya wata rumfa kusa da tasha, allonta na cewa "Ana gyaran TV's da DVD's." Na tambayi mai rumfar me ya sa. Ya ɗaga kai daga rediyon da yake kwancewa, ya ce, "Baba, mai fenti ne ya ce ya fi kyau a ido." Ado ke nan, kamar kwalli.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne shigowar abin cikin rubutun Hausa. A wurinmu wannan alama baƙi ce sukutum, hamza, kuma furta ta ake yi. Ita ce a sa'a, a ma'ana, a jama'a. Wanda ya rubuta "ƙungiyoyin NGO's" ya yi ɓarna uku a kalma biyu: ya yi jam'i da Hausa, ya sake yi da Turanci, sannan ya dasa hamza inda babu maƙogwaron da zai furta ta. Kalmar Hausar ai ta riga ta ɗauke nauyin jam'in. Ƙungiyoyin NGO, na'urorin ATM, faya-fayan CD, shi ke nan. Mai neman haɗa mallaka kuma ga ɗin nan: ATM ɗin banki. Ban san wanda ya koya wa mutane "ATM'in" ba, Allah ya shirye shi.

Iyayenmu da ba su zauna a aji ba sun fi mu iya karɓar baƙuwar kalma. Zamanin mulkin Turawa suka ji ana cewa N.A., hukumar gargajiya, suka mayar da ita En'e, har aka sami ɗan sandan En'e da ma'aikacin En'e. D.O., jami'in mulki na yanki, ya zama Di'o, C.I.D., sashen 'yan sandan ciki, ta zama si'aidi. Dubi hamzar da ke cikin waɗannan, ta gaske ce, tsayawar murya ce tsakanin wasali da wasali. Da suka so jam'i kuma ba su je aron s ba, maimaitawa suka yi, di'o-di'o, yadda ake cewa joji-joji da nas-nas. Nepa ma haka ta zama kalmar Hausa, mace, tana kawo wuta tana ɗaukewa. An sauya wa hukumar suna tun 2005, amma har gobe yara "Nepa" suke ihu in fitila ta kama.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: "A makaranta ƴaƴa aka koya mana, amma a littattafan Nijeriya 'ya'ya nake gani."

Duka daidai ne, 'yata. Nijar ƴ mai lanƙwasa ta zaɓa, Nijeriya 'y. Wanda ba daidai ba shi ne "ya'ya" mai hamza guda.

Wani mai shago a Sabon Garin Kano ya tambaya: "Za'a ko za a?"

Za a, a rabe. Haka ba a. Kalmomi biyu ne, a ɗin wakilin suna ne na wanda ba a ambata ba, ɗan'uwan su ya da ta. Tunda ba ka rubuta "za'ta", me ya kai ka "za'a"? Ita kuwa ba'a kalma ce mai zaman kanta, zolaya. Duk lokacin da na ga "Ba'a shiga" a ƙofar gida, sai in ce to, zolaya ce aka ba izinin shiga, mu masu sallama mu tsaya a waje.

Na ƙarshe, daga Kumasi: "Mece ce ma'anar kowa ya ci zomo ya ci gudu?"

Zomo ba ya kamuwa a zaune. Duk wanda ka gani da abin daɗi, ya sha wuya kafin ya same shi. Wannan kam ko kakarka ka tambaya da ta gaya maka tun kafin ka rufe baki.