Tambayi Likita: Yaro Zai Shiga Makaranta, Me Ya Kamata a Duba?

Likita, ɗana ya cika shekara 3 amma maganarsa ba ta wuce "Mama" da "ruwa" ba. A gidan haya muke, Yarbanci da buroka yake ji a tsakar gida. Kakarsa ta ce harsunan ne suka ruɗa shi, in ƙyale shi. (Wata uwa, Agege)

'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki gaishe da Kaka, amma a wannan ban goyi bayanta ba. Yawan harsuna ba ya hana yaro magana. Yaran Legas nawa ne suka tashi da Hausa a ɗaki, Yarbanci a waje, Larabci a Islamiyya, kuma bakinsu ras? Ko ya cakuɗa harshe biyu a jimla ɗaya, ba ciwo ba ne. Abin da muke dubawa shi ne, wajen shekara 2 yaro ya fara haɗa kalma biyu, kamar "Baba zo", a shekara 3 kuma yana gajerun jimloli. Naki bai kai nan ba, don haka jira ba namu ba ne.

Kunne za a fara dubawa. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa, sanƙarau, ƙyanda, ko shawara mai tsanani tun yana jariri, duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai ba zai kwaikwayi magana ba. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ki nemi a tura ku gwajin ji a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja. Kafin nan, ki yawaita yi masa hira da Hausa. Kina girki, faɗa masa sunan abin da ke hannunki, ki tambaye shi, ki ɗan dakata ya amsa. Kada ki koma yi masa guntun Turanci don makaranta; harshen da kika fi iyawa shi zai fi amfanarsa.

Ina fita kasuwa da asuba, maiɗakina tana sayar da abinci. 'Yarmu mai shekara 4 waya muke bar mata, har ta iya waƙar ABC. Hakan ya isa? (Wani magidanci, Mile 12)

Malam, na san ba sakaci ba ne, neman halak ne. Sai dai waya ba ta amsa wa yaro. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a rana, ya samu awa 3 na motsa jiki, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma ya yi barcin awa 10 zuwa 13. Haddar ABC ba ita ce shiri ba. Malamar aji ta fi buƙatar yarinyar da za ta zauna ta saurara, ta jira layinta, ta ce tana jin fitsari, ta wanke hannu, ta faɗi sunanta da na mahaifinta.

Ku nemi gida huɗu ko biyar masu yara sa'anninta, ku yi karɓa-karɓa kamar adashi: yau uwa ɗaya ta zauna da su awa 2, gobe wata. A yi tatsuniya, a ƙirga albasa, a ware tumatur ja da kore. Malamar Islamiyyarku ma ku sa ta ciki.

Mun dawo daga Arewa, katin rigakafin yaron ya ɓata. (Wata uwa, Idi-Araba)

Hajiya, je ki asibitin unguwa ki faɗi abin da kika tuna, za a cike giɓin, kuma a asibitin gwamnati kyauta ne. Ki tabbatar da allurar ƙyanda, ta wata 9 da ta wata 15. Ki tambayi bitamin A da maganin tsutsar ciki. Takardar haihuwa kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa.

A makarantar nazire ana dukan jikata mai shekara 3 don ba ta iya rubuta 1 zuwa 50 ba. Yanzu da safe sai kuka da ciwon ciki. (Wata kaka, Obalende)

Kaka, wannan ya dame ni. Yatsun 'yar shekara 3 ba su yi ƙwarin wannan rubutu ba. Zane da wasa da ƙasa ne aikinsu. Shekarar shiga firamare 6 ce, ajin share fage kuma a shekara 5. A duba cikin a asibiti, amma sau da yawa tsoro ne ke fita ta nan. Ku haɗu da wasu iyaye ku ga shugabar makarantar, ku nemi a ajiye bulala. In ba a canja ba, ku cire ta. Kuma kada ta fita ba kari, ko da koko da ƙosai ne.